Layi Biyu da Ɗigo Uku

Tun da na dawo daga Diffa ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya zauna a bencin ƙofar shagona sai ya ce, "Mai Gizago, yaya can ɗin? Ka ji harbi? Ka ga yaran?" Wani ma tambayarsa ko na kawo tsarabar tattasai. Na gaji da cewa lafiya lau, domin ba lafiya ba ce. Na kuma gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tsinci ɗan abin da zai ba matarsa dariya ya tafi. To ga shi na rubuta gaba ɗaya, wanda ya karanta kada ya sake tambayata.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isuhu, masassaƙi ne ni a Damagaram. Turmi da kujerar mata na gada wajen mahaifina, daga baya na koma sassaƙa mutane da dabbobi, na itace da na siminti, a zamanin da Turawa ke zuwa yawon buɗe ido. Malaman unguwa sun yi wa'azi a kaina har suka gaji. Turawan ma suka daina zuwa, aka bar ni da raƙuman itace cike da shago. Kafin in sa gizago a jikin itace nakan zana abin a takarda, amma ba irin zanen 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, ba. Layi ɗaya ne ko biyu, iyakar inda nauyin jiki ya faɗa, sauran hannuna ya san shi. In faɗi gaskiya, na fi alfahari da waɗannan layukan a kan sassaƙar kanta, ko da yake matata ta sha kunna wuta da su, tana cewa ai ta zaci gwajin fensir na yi.

Abin da ya kai ni Diffa shi ne wasu masu aikin agaji, irin masu fararen motocin nan da doguwar eriya. Sun aiko cewa suna son mutum-mutumi na siminti a farfajiyar buronsu, wato ofishinsu, wanda zai nuna juriyar mutanen yankin. In je in ga mutane, in zano, su zaɓa. Suka haɗo da takarda mai hatimi. Lokacin an daɗe da hana hawan babur a can, an hana cinikin kifi, tattasai ma sai da ƙyar. Matata ta ce kada in je. Na ce mata mai zane ba ya da abokin gaba, kuma na faɗi haka da bakina, ina ɗaure jaka.

Mun tashi bayan sallar asuba. Har Gure tafiya ce irin wadda kowa ya sani: kaji a ƙarƙashin kujera, direba na faɗa da fasinja a kan buhu. Daga Gudumariya ne hira ta fara mutuwa a motar. Kusa da ni wani dattijon Bafillace ne mutumin Fulatari, ya kai ɗansa asibiti yana komawa. Ya ba ni cuku, ya tambaye ni sana'ata, na gaya masa. Ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, "In ka isa, kada ka yi tambaya, kada ka nuna abu da yatsa." Na ce masa ni ido ne aikina, ba baki ba. Ya ce to, Allah ya tsare idon.

Shingen sojoji ban san adadinsu ba. Ko'ina tsarin ɗaya ne: mota ta tsaya da nisa, kowa ya sauka, maza su ɗaga riga su nuna ciki, a wuce a ƙafa da kati a hannu. Ni da tumbina, ina ɗaga riga a gaban matan mutane kamar mai neman a duba masa ƙurji. A shingen Maine-Sorowa wani soja ƙarami ya buɗe jakata ya zaro gizagona da 'yan ƙarafan sassaƙa.

Ya ce, "Wannan fa, baba?"

Na ce, "Kayan aiki ne."

Ya ce, "Su ma haka suke cewa."

Na nuna takarda mai hatimi. Ya karanta ta tsaf, ya ce takardar ta ambaci mutum, ba ta ambaci ƙarfe ba. Gizagon da mahaifina ya ƙera wa ƙota da hannunsa, can na bar shi, kuma har yau yana can ko yana gidan wani. Haka na shiga Diffa da littafin zane da fensir biyu.

Bayan Shetimari na ga abin da ba a gaya mani ba. Hagu da dama na kwalta, bukkokin kara da tamfol ne, tafiya mai nisa ba su yanke ba. Garuruwa ne sukutum suka taso daga bakin kogi suka zauna a gefen hanya, kowane da bulamansa, wato mai garinsa, wasu har da allon sunan garin a kafe a kan sanda. Wata mata a motar tana karanto sunayen ɗaya bayan ɗaya, tana cewa nan ta taɓa sayen kifi, nan aka aurar da ƙanwarta, alhali ba abin da ke wurin sai rairayi da jarkoki a jere.

Diffa kanta shirunta ne ya fara damuna. A Damagaram 'yan kabu-kabu masu haya da babur ba sa barin kunne ya huta, a can kuwa har kukan jaki na unguwar gaba kana ji. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, wushe-wushe ba iyaka, amma ba mai tambayarka daga ina ko zuwa ina a gaban mutane. Mu da baƙo ya sauka sai mun ji har sunan kakarsa. Waɗanda suka jawo masifar kuwa ba a kiran sunansu. Yaran ake cewa, ko mutanen daji, murya ƙasa-ƙasa.

Na sauka wajen Alhaji Mamman, ɗan unguwarmu a Birni, wanda ya yi shekaru yana da kanti a kasuwar Diffa. Ya ba ni ɗakin bayan kanti, tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen sabulu, na kwana ina atishawa. Abinci dai ba laifi. Burabusko suke ci da miyar kuɓewa mai yaji, matar Alhaji kuma ta iya shi kamar a can aka haife ta. Kifi ne abin dariya. Gari a bakin kogi, amma in kana son banda sai an yi maka raɗa a kunne, a kai ka bayan wani gida, a zaro maka daga ƙarƙashin tabarma kamar kayan sata.

Washegari na je buron masu aikin. Wani mushe matashi, yadda muke kiran ma'aikaci ɗan boko, ga sanyin na'ura ga kwamfuta, ya juyo mani da hoto: mace tana murmushi, goye da yaro, tana sakin kurciya. Irin wannan suke so. Na nuna masa littafina. Ya juya shafi uku, ya ce, "Yawwa, in ka fara zanen sai ka kawo mu gani." Na fito raina a ɓace, ina cewa a zuciyata boko bai hana mutum makanta.

Alhaji ya ce ba zan yi yawo ni kaɗai ba, ya haɗa ni da mai ɗaukar masa kaya a amalanken jaki, sunansa Modu. Mutum ne mai kamar shekara arba'in, Babarbare, ba ya da yawan magana. Hausarsa ta kasuwa ce, mace ya ce "ya zo", namiji ya ce "ta tafi", na yi ta tsokanarsa yana dariya. Garinsu yana bakin kogin Komadugu, gabas da Diffa, ba zan faɗi sunansa ba. A can manomin tattasai ne mai injin ban-ruwa, mai ɗaukar 'yan ƙwadago har daga ƙasarmu ta Damagaram. Wata rana aka ce kowa ya tashi, suka tashi da tattasai ja a gona. Matarsa ta rasu a shekarar farko ta gudun hijira. Ya rage shi da uwarsa, Ya Fanna, da jakin nan, kuma abin da jakin ya samo shi suke ci.

Kwana shida yana yawo da ni. Yana gaba yana kora, ina zaune a baya a kan buhu da littafina. Ya kai ni kasuwa, ya kai ni inda ake rabon abinci, mata a layi tun hantsi da katuna a hannu. Na ce ina son ganin kogi, ya kai ni wajen gada. Ba mu isa ba soja ya ɗaga mana hannu daga nesa, muka tsaya. Na hango ɗan ruwa tsakanin itatuwa, ƙetarensa Najeriya.

Na ce, "Wannan ne Komadugun da ake ta faɗa? Ai tafkinmu na damina ya fi shi."

Ya ce, "Nan ba ta da kyau, Malam. Wajenmu ne tana da kyau, inda ta lanƙwasa."

Ya juya jakin. Wannan ne iyakar ganin da na yi wa kogin nan, kuma ina so a riƙe wannan.

Kullum da azahar gidansu muke zuwa, in za a kira shi gida. Bukka ce a gefen gari, cikin mutanen Baruwa da na Yebi da waɗanda suka ƙetaro daga Najeriya. Ni da Modu kwano ɗaya muke ci, Ya Fanna tana gefe tana aikinta. Tsohuwa ce siririya, ta iya Hausa sarai don ta yi shekaru tana ciniki da fatakenmu. Yanzu tattasan wani take tsincewa, tana cire masa hanci, a biya ta da yamma. Matar da a da ake auna buhu a ƙofar gidanta. Ba ta taɓa yi mani ƙorafi ba, sai dai takan ɗaga ɗaya ta shinshina ta ce wannan ba a ba shi ruwa a kan lokaci ba.

A rana ta shida, bayan mun ci, ta tashi ta duƙa a kan shanyar tattasan, ƙafafu a miƙe, hannu ɗaya ya sauka ƙasa. Na ga abin da na zo nema. Na ja layi ɗaya dogo, daga ƙeyarta ya hau gadon baya ya lanƙwaso ya gangara har diddige, ban ɗaga fensir ba. Na ja wani gajere, hannun ke nan. Sannan na ɗauki busasshen tattasai na jiƙa shi da yawu, na danna a takardar sau uku a ƙarƙashin hannun, ɗigo uku ja. Na tsaya. A shekara talatin ban yi wanda ya kai shi ba, kuma na san haka tun fensir na hannuna.

Modu yana tsaye a bayana. Na ji numfashinsa ya sauya. Ya kira uwarsa da Barbarci, ta zo tana share hannu a zane. Ta duba, ta rufe baki da tafin hannu, ta faɗi wata magana da ban ji ba, sai hawaye.

Modu ya ce, "Malam, don Allah ka ba ni wannan."

Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, ga mutanen da ba su taɓa shiga aji ba sun gane abin da mushe mai kwamfuta ya kasa ganewa. Ban tambaye su me suka gani ba. Me zai sa in tambaya, ni da na zana? Na yage shafin na ba shi. Ban sa hannu ba, ban rubuta ko harafi ɗaya ba, don a ganina rubutu yana ɓata farin takarda. Ya ninke ta a hankali ya sa cikin hularsa.

Washegari bai zo ba. Wajen hantsi wani mai kanti ya zo ya yi wa Alhaji raɗa. An tsayar da Modu a shingen bakin gari yana kai kaya, an ce ya cire hula, takarda ta faɗo. Sun riƙe shi.

Na miƙe ina neman takalmi. Alhaji ya riƙe mani riga, ya ce, "Isuhu, zauna. Nan ba Damagaram ba ce. Bari a nemo bulamansu, a ji abin da shi ya faɗa musu tukuna, sannan a san bakin da za a je da shi."

Na ce, "Wane baki? Ni na yi zanen. Kalma biyu zan faɗa a sake shi."

Ya ce, "Don girman Allah ka zauna."

Ban zauna ba. Na ɗauki littafina da takarda mai hatimi na tafi, har ina shirya yadda zan ba da labarin a nan bencin, yadda na koya wa sojoji karatun zane.

An bar ni a rana kamar awa biyu kafin a shigar da ni wajen wani ajidan, babban sojan wurin. Na so a ce mugu ne, da labarin ya fi mani sauƙi. Mutum ne mai furfura a gemu, idanunsa ja don rashin barci, har ya sa aka ba ni ruwa. Takardar tana kan teburinsa an danne ta da kofi.

Ya ce, "Kai ka yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Mene ne?"

"Tsohuwa ce. Uwarsa. Ta duƙa tana tsince tattasai."

Ya dubi takardar, ya dube ni. "Ina kanta?"

Na ce ba a buƙatarsa.

"Ina ƙafa? Ina zanen da ta ɗaura? Tsohuwa ba kai ba ƙafa?"

Na fara yi masa bayanin nauyin jiki da inda yake faɗawa. Ya bar ni na yi ta zuba. Da na gama ya buɗe aljihun tebur ya fito da taswira, ya tashi ya manna ta a gilashin taga, ya ɗora takardata a kai. Rana ta ratso su biyun. Jama'a, layin nan nawa ya kwanta a kan kogin. Ba daidai-wa-daida ba, amma ya hau inda ya hau, ya lanƙwasa inda ya lanƙwasa. Gajeren layin ya faɗa a kan wata magudana.

Ya ce, "Ta nan mutanen daji suke ƙetarowa. Watan jiya na ɗauko gawarwakin sojojina a nan, a cikin bargo." Ya sa yatsa a kan ɗigon ja. "Waɗannan fa?"

Na ce, "Tattasai ne." Ni kaina na ji yadda maganar ta fito.

Ya koma ya zauna. Ya ce, "Sau uku na tambayi mutumin nan, sau uku amsa ɗaya. Ya ce kogi ne, kwanar garinsu. Ya ce wannan magudanar da yake kafa injinsa ce, waɗannan kuma tsamiya uku ne na bakin gonarsa. Ya ce wani baƙo ya zana masa don ya riƙa tunawa da gida. Wallahi na fara yarda. Na ga irinsu da yawa, wani da makullin gidan da aka ƙone yake yawo. Na ce in bulamansu ya zo da la'asar ya tsaya masa, ya tafi. Yanzu ga baƙon ya zo da ƙafarsa ya ce ba kogi ba ne, tsohuwa ce. To ɗayanku ƙarya yake yi. In kuwa abin ba komai ba ne, me ya kawo ƙarya?"

Na rantse masa ban taɓa ganin wurin ba, iyakata gada, ita ma daga nesa. Ya ce wannan ya ƙara lalata maganar: wanda bai ga wuri ba ya zana shi haka, to wani ne ya kwatanta masa. Na ce a kawo Modu mu yi magana gaba da gaba. Ya ce don ku daidaita baki? Na ce a ba ni takarda in sake zanawa a gabansa. Ya ba ni. Layin ya fito kamar igiyar da aka yar, bai yi kama da tsohuwa ba, bai yi kama da kogi ba.

Ya ce, "Malam, kai kana da takarda mai hatimi, an san wanda ya kira ka. Shi takardarsa ita ce wannan. Abin ya wuce teburina yanzu, sai na rubuta duka biyun na aika sama. Tashi ka tafi, kada ka bar gari sai an ce maka."

Ban ga Modu ba. Na ji dai tari a bayan wata ƙofa, ban san ko nasa ba ne.

Da na dawo Alhaji ya ci gaba da cinikinsa, kuma da ya zage ni da ya fi. Bulama ya je da la'asar ɗin, ya dawo yana girgiza kai. Na koma buron masu aikin. Mushe ya rufe ƙofa, ya ce wannan ba huruminsu ba ne, ya roƙe ni kada in ambaci sunansu a ko'ina, maganar mutum-mutumi kuma a dakata. Kwana uku ina zirga-zirga. A na huɗu aka ce an sa su a mota, Modu da wasu, an yi Yamai da su, inda ake kai irin waɗannan, inda mutum kan shekara ba a kira sunansa ba. Ni aka ce ina iya tafiya. Jakin da amalanken aka maido wa Alhaji, ba abin da ya ɓata a kayan.

Da safen ranar da zan taso na je wajen Ya Fanna. Na yi ta tsayawa a hanya, don na fi tsoronta a kan ajidan. Na same ta a kan tattasan mutane, don ko an kama ɗanka sai ka ci. Ta shimfiɗa mani buhu. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba.

Na ce, "Ya Fanna, ranar nan da kika ga takardar, me kika ce?"

Ta ce, "Cewa na yi, Allah ya kawo mana wanda ya san garinmu."

Na ce, "Ke na zana. Bayanki ne, kin duƙa."

Ta dube ni kamar na yi wani yare. Ta ce, "Bayana? Me za a yi da bayana?"

Ta ci gaba da cire hancin tattasai, can ta ce, "Kai mutumin birni ne, kana da takarda, ana barinka ka wuce. Za ka je Yamai ka neme shi. Masu suna Modu a can sun fi dubu, suna ba zai yi ba. Katinsa yana hannunsu, hotunanmu suna garin da muka baro. Ka zana mani shi. Fuskarsa, yadda duk mai gadin da ka nuna wa zai ce, e, yana ciki."

Na buɗe littafi. Na yi da'irar kai, na yi hula. Na tsaya. Na san faɗin kafaɗarsa, na san yadda wuyansa ke karkata in zai juya jaki, da ido rufe zan zana su. Fuskar ce babu. Na sa ido biyu da hanci da baki, na kowa da kowa. Ta leƙo.

Ta ce, "Wane ne wannan?"

Na koma ina gyara hular da fensir.

"To zanen fuskarsa fa? Ka sa masa zanensa. Nawa ne a nan, nawa a nan?" Ta taɓa kumatunta.

Na san yana da tsaga irin ta Barebari. Iyakar sanina ke nan.

Ta ce, "Kwana shida kuna ci a kwano ɗaya."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ta karɓi littafin daga cinyata, ta juya sabon shafi, ta damƙi fensir da dukan hannu yadda ake riƙe muciya. Ba ta yi kai ba, ba ta yi ido ba. Ta ja layi ɗaya dogo a tsakiya. Ta ja wasu a dama, a jere, tana danna fensir har yana neman huda takarda. Ta ja wasu a hagu. Ɗaya a cikinsu ta karkatar da shi da gangan, ta sa yatsa a kansa.

Ta ce, "Wannan, motsi ya yi a hannuna ranar suna, askar wanzami ta goce. Ba mai irinsa. Duk wanda ya ga wannan ya ga Modu."

Ta yage shafin da kanta ta ninke, ta sa mani a aljihun gaba, ta danna da tafin hannu. Na ce mata in sha Allahu daga Damagaram Yamai zan wuce. Da gaske nake lokacin da na faɗa.

Shingen farko yana nan da fita gari kaɗan. Mota ta tsaya da nisa, muka sauka muka yi layi. Ranar bincike ya yi tsanani, ana juye aljihu. Mutum na huɗu a gabana aka samu da wata 'yar takarda mai lambobin waya, aka ja shi gefe, yana ta rantsuwa ta 'yan'uwansa ce. Na ji takardar Ya Fanna a ƙirjina. Layuka a jere, ɗaya a karkace, ba kai, ba ido, ba rubutu. In an tambaye ni mene ne, in ce me? In ce fuskar mutumin da kuka kai Yamai ce? Na fita daga layi kamar mai jin fitsari, na tsuguna a bayan wata 'yar ƙaya. Na yayyaga ta ƙanana, na tura cikin rairayi, na rufe da ƙafa.

Da layi ya zo kaina, sojan ya dubi katina, ya dubi furfurata, ya ce, "Wuce, baba." Ko aljihuna bai taɓa ba.

Ban je Yamai ba. In je in nuna me? Na zauna a shagon nan da fensir ya fi sau ashirin, ina ƙoƙarin maido da abin da tsohuwar ta ja. Na tuna dogon na tsakiya. Na tuna akwai karkatacce, amma ban san ko na biyu ba ne ko na uku. Tana can tana cire hancin tattasan mutane, ta tabbata ɗanta yana aljihuna a kan hanyar Yamai. A gabana ta ja layukan nan ɗaya bayan ɗaya, ina kallo, kuma ban ƙirga ba.